Bokitin Lodi Ya Ƙi Ɗagawa: Bin Sawun Cuta a Hanyoyin Man Haidurolik na Tarakta

Gabatarwa



Batun da za mu tattauna a kai yau ya shafi wani ƙarfe ne da yawancinmu muka sha ganin yana aiki, amma ba mu cika tsayawa mun tambayi yadda yake yin aikin ba. Wannan kuwa shi ne bokitin lodi da akan ɗaura a gaban tarakta, watau hannuwan nan biyu na ƙarfe masu riƙe da faffaɗan bokiti, waɗanda ake kwasar taki da su a zuba a tirela, ko yashi, ko tsakuwa, ko jar ƙasa ta gyaran hanya. Muddin yana lafiya ba mai tuna shi. Ran da ya ƙi ɗagawa kuwa, sai aiki ya tsaya cik, a ja tarakta zuwa gindin bishiya, a rubuta takarda zuwa ofis cewa famfo ya mutu, a aiko da kuɗin sabo.

Tarakta ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Shirin ciyar da ƙasa da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, da shirin bunƙasa noma na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a 1980, duk sun ƙarfafa shigo da ita, jihohi kuma suka buɗe sassan ba da hayarta ga manoma. Har ma a wancan zamani an kafa masana'antun harhaɗa ta, ta Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano. Duk da haka, wanda ya zaga farfajiyoyin ma'aikatu a garuruwanmu ba zai rasa ganin taraktoci a jere ba, tayoyi sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Kowace ɗaya dukiyar jama'a ce, kuma kowace damina ta wuce tana tsaye, akwai manoman da suka yi asara.

Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, cutar haidurolik da tambaya ake gano ta, bi da bi, daga abu mai araha zuwa mai tsada. Famfo kuwa, wanda aka fi ɗora wa laifi, shi ne ya kamata ya zama na ƙarshe da za a tuhuma.

Asalin Hikimar

Wani masani Bafaranshe mai suna Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ne ya bayyana ƙa'idar da dukkan wannan aiki ya ginu a kai. Ƙa'idar ita ce, idan aka kulle ruwa ko mai a cikin mazubi, aka matsa shi ta wani gefe, to, matsin nan zai watsu daidai wa daida zuwa kowane lungu na mazubin. A 1795 wani Baturen Ingila, Joseph Bramah, ya yi rajistar injin matsa kaya da ke aiki da wannan ƙa'ida. Wanda ya yi fice wajen kai ta gona kuwa shi ne Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa, wanda taraktarsa mai ɗaga garma da ƙarfin mai ta fito kasuwa a 1936. Kamfaninsa ya haɗe da na Massey-Harris a 1953, abin da ya haifar da Massey Ferguson, jar taraktar da ta zama sananniya a gonakinmu.

Domin mu ga girman abin, bari mu yi ɗan lissafi. Ana auna matsi da ma'aunin da ake kira bar, kuma bar ɗaya kusan nauyin kilo ɗaya ne a kan kowane murabba'in santimita. Taraktocin noma galibi suna aiki ne tsakanin bar 170 da 210. Silinda mai faɗin baki santimita 6 tana da fistan mai fuskar murabba'in santimita 28 da 'yan kai. Idan aka danna wannan fuska da mai a bar 180, silindar za ta yi turi da ƙarfin da ya kai tan 5. Silinda biyu ke ɗaga hannuwan, watau tan 10 ke nan, ko da yake tsawon hannuwan yakan cinye mafi yawan wannan ƙarfi kafin ya isa bakin bokiti. Duk wannan kuwa ta cikin tiyo yake bi wanda bai fi kaurin sanda ba.

Gaɓoɓin tsarin ba su da yawa. Akwai tanki, ma'ajiyar mai. A taraktoci da yawa gidan giya da na ƙafafun baya su ne tankin, mai ɗaya ke yi wa duka hidima. Akwai rariya a bakin bututun da famfo ke zuƙo mai, da filta mai tace shi. Akwai famfon kansa, wanda inji ke juyawa. Akwai bawul ɗin sarrafawa, mai libobin da direba ke riƙewa, wanda ke nuna wa mai hanyar da zai bi. Akwai bawul ɗin kariya, mai buɗewa ya mai da mai tanki idan matsi ya kai iyaka, domin kada wani abu ya fashe. Sa'an nan akwai tiyo-tiyo da mahaɗansu, da silindu huɗu a mafi yawan bokitai: biyu na ɗaga hannuwa, biyu na kifa bokiti da tallafo shi. Duk cutar da za ta taso, a ɗaya daga cikin waɗannan take, ko a man da ke zaga su.

Kalmomi Biyu da Ya Wajaba a Rarrabe

A nan ne harshe ya shigo cikin zancen. Idan direba ya zo kai ƙara gareji, abin da yakan ce shi ne, "Bokiti ba ya da ƙarfi." Wannan jimla guda ta lulluɓe cututtuka biyar ko shida waɗanda maganinsu ya sha bamban. Likitan da aka ce masa "ba ni da lafiya" bai ji kome ba tukuna.

Abubuwa biyu ne mai ke kai wa silinda. Na farko shi ne kwarara, watau yawan litar da ke wucewa a minti ɗaya, kuma ita ke kawo sauri. Na biyu shi ne matsi, shi ke kawo ƙarfi. Famfo kwarara yake samarwa. Matsi ba ya tasowa sai man ya ci karo da abin da ya tare shi, watau nauyin kaya. Wanda ya taɓa toshe bakin mesar ban-ruwa da babban yatsa ya san wannan: ruwan yana zuba salin-alin, da ya tare shi sai ya ji yana ture masa yatsa.

Saboda haka bokitin da ke ɗaga cikakken lodi amma a hankali, nawa gare shi, matsalarsa ta kwarara ce. Bokitin da ke tashi da sauri idan ba kaya, amma ya gaza da an cika shi, rauni gare shi, matsalarsa ta matsi ce. Idan direba da makaniki da mai sa hannu a ofis suka saba da waɗannan kalmomi, nawa da rauni, kwarara da matsi, to, an yi rabin bincike tun kafin a ɗauko sifana.

Kafin a Taɓa Sifana

Matakin farko shi ne a zauna da direba a yi masa tambayoyi, ba da tsawa ba, domin wanda ke tsoron a cire masa albashi ba zai faɗi gaskiya ba. Yaushe abin ya fara? Farat ɗaya ya zo, ko sannu a hankali? Me aka yi wa taraktar kafin nan: an ƙara mai, an canza tiyo, an cire bokitin an mayar? Da sanyin safiya yake yi, ko sai mai ya ɗau zafi? Hannuwa ne kaɗai suka gaza, ko har da kifa bokiti? Maɗaurin garma na baya yana ɗagawa?

Amfanin tambayoyin a fili yake. Cutar da ta zo farat ɗaya, galibi wani abu ne ya toshe, ko ya maƙale, ko ya kwance. Wadda ta zo sannu a hankali, cinyewar ƙarfe ce ko ta roba. Idan kome da kome ya gaza, a dubi abin da kowa ke tarayya a kai, watau mai da rariya da famfo da bawul ɗin kariya. Idan kuwa gaɓa guda ce ta gaza sauran suna aiki, to, famfo ya kuɓuta daga zargi, tun da shi ne ke ciyar da masu lafiyar.

Mataki na biyu shi ne kare rai, kuma ina roƙon a saurara da kyau. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin bokitin da ke sama sai an tokare hannuwan da ƙarfen tokara, domin mai ne kaɗai ke riƙe da su, tiyo guda ya fashe sun faɗo. Kafin a kwance kowane noti, a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a kaɗa libobi gaba da baya sau da yawa har matsin da ya rage ya fita. Sa'an nan kada a taɓa laluben yoyo da hannu. Man da ke tsartuwa ta ƙaramar kafa yana iya huda fata tun daga kimanin bar 7, alhali muna maganar bar 180. Raunin yakan yi kama da sukar ƙaya, mutum ya raina shi, mai kuwa yana can yana kashe nama a ciki. Wanda wannan ya sama, a kai shi ga likitan tiyata nan take, a kuma faɗi irin man da ya shige shi, domin jinkirin 'yan sa'o'i kan jawo yanke yatsa ko hannu. Da guntun kwali ake neman yoyo.

Mai, Rariya da Mahaɗai

Bayan tambaya sai duban mai. A tsai da tarakta a wuri mai lebur, bokiti a ƙasa, a zaro gejin mai a ga inda ya tsaya. Silindun bokiti sukan kwashi mai da yawa idan sun miƙe, saboda haka tankin da ya yi ƙasa zai iya ɗaga hannuwa zuwa rabi, daga nan famfo ya fara zuƙar iska.

Kamannin man ma suna ba da labari. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shige shi. Idan yana kumfa, iska ke shiga. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, ya sha zafi fiye da kima. Idan aka murza shi tsakanin yatsu aka ji gurzar yashi, ko aka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, to, akwai abin da ke cinyewa a ciki. A kuma tambayi irin man da aka zuba. Tsohon baƙin man inji da aka juye daga mota ba man haidurolik ba ne, man birki kuwa yakan lalata robobin tsarin. Abin da littafin mai ƙera taraktar ya ambata shi za a zuba.

Daga nan sai filta da rariya. Famfon da ba ya samun isasshen mai yakan yi wani irin kuka mai tsini, ko ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Dalili shi ne, idan hanyar zuƙa ta toshe, sai 'yan ƙananan kumfa su samu a cikin man, su je su fashe da ƙarfi a jikin ƙarfen famfon, suna ɓantare shi kaɗan-kaɗan. Famfon da ke irin wannan kuka bai mutu ba, yunwa yake ji, amma idan aka ƙyale shi zai mutu. A wanke rariya, a canza filta, a dubi tiyon zuƙa ko ya lotse, ko ɗaurinsa ya saki yana shigar da iska. Irin wannan kafa ba ta cika ɗigar da mai ba, domin ciki take ja, shi ya sa ido ba ya saurin kama ta.

Sai kuma mahaɗan tiyo, waɗanda ake cusawa a zare idan za a cire bokiti. A cikin kowanne akwai ɗan bawul da ba ya buɗewa sai an cusa shi har ƙarshe. Mahaɗi guda da bai zauna daidai ba ya isa ya hana hannuwa motsi, ko ya sa su tashi su ƙi sauka. A ƙasa mai rana irin tamu akwai ƙarin wata matsala: bokitin da aka cire aka bari a rana, man da ke kulle a tiyonsa yakan kumbura, mahaɗin ya ƙi shiga. Sai a lulluɓe shi da tsumma a sassauta noti a hankali man ya ɗan fita. Dukansa da guduma ɓarna ce. Haka kuma a tsofaffin Massey Ferguson da ke ciyar da bokiti daga famfon cikinsu, dole ne bawul ɗin zaɓi ya juya zuwa ga bokiti, libobin gefen kujera kuma su tsaya inda littafi ya ce. Sabon direba da bai san wannan ba zai rantse famfo ya mutu.

Karanta Alamu

Idan an wuce waɗannan cutar tana nan, sai a koma ga alamunta ɗaya bayan ɗaya.

Alama ta farko ita ce nawa. A fara tabbatar da cewa injin yana juyawa da isasshen gudu, domin kwararar famfo tana bin gudun inji. A kuma san iyakar taraktar: famfon cikin Massey Ferguson 135 bai kai lita 20 a minti ba, don haka bokitinsa ba zai taɓa yin saurin na sabuwar tarakta ba, abin da ya sa akan ƙara masa wani famfo a gaban inji. Idan kuwa bokiti yana aiki sosai da safe, amma ya yi laushi da mai ya ɗau zafi, to, mai yana zurarewa a ciki. Mai mai zafi tsinkewa yake yi, ya bi ta kafofin da ba ya iya bi sa'ad da yake da kauri. A nan ne zargin famfo ya fara halatta, amma silinda da bawul ma suna iya yin haka.

Alama ta biyu ita ce rauni, kuma ba a yanke hukunci a kanta sai da gejin matsi. A ɗaura gejin da ke iya karanta fiye da bar 250 a hanyar da mai ke zuwa bawul, a bari mai ya yi ɗumi, a tura silinda har ƙarshenta, a riƙe liba na 'yan daƙiƙu a karanta. Idan allura ta kai adadin da littafi ya faɗa, famfo da bawul ɗin kariya suna lafiya. Ko dai kayan sun fi ƙarfin bokitin, ko silinda ce ke yoyon ciki. Idan ba ta kai ba, a fara buɗe bawul ɗin kariya. Ƙwayar datti guda da ta zauna a bakinsa, ko sifirin da ya gaji ko ya karye, sun isa su sa mai ya riƙa komawa tanki tun bai yi aiki ba. Sai an tabbatar da lafiyarsa za a juya ga famfo, a auna kwararsa in akwai na'urar yin haka. Akwai wata mummunar al'ada ta ɗaure bawul ɗin kariya da ka, ba geji, wai don a ƙara ƙarfi. Wanda ya yi haka ya cire wa tarakta mai gadinta, abin da zai biyo baya shi ne fashewar tiyo ko tsagewar famfo.

Alama ta uku ita ce sauka da kai, watau a ɗaga hannuwa a saki liba, su riƙa zamewa ƙasa. Ɗan zamewa a cikin sa'o'i ba cuta ba ce, domin sandar cikin bawul ƙarfe ce a cikin ƙarfe, ba ta rasa 'yar kafa. Wanda ido ke gani cikin mintoci shi ne abin bincike. Yawancin makanikai sukan tafi kai tsaye su canza robobin fistan, sau da yawa kuma cutar ta ƙi tafiya. Ga dalili: idan hannuwa za su sauka, dole ne sandar silinda ta shige ciki, ba kuwa za ta samu wuri ba sai wani mai ya fice daga silindar baki ɗaya. In ba yoyo a waje, mafitarsa ɗaya ce, ta bawul. Saboda haka a saukar hannuwa, bawul yana cikin waɗanda ake tuhuma ko da robobin sun lalace. Bokitin da ke kifewa da kansa kuwa, inda nauyi ke jawo sanda waje, robar fistan kaɗai ta isa ta jawo shi.

Akwai gwaji biyu masu raba gardama. Na ɗaya, a musanya tiyon hannuwa da na bokiti a jikin bawul. Idan cutar ta koma ɗaya gaɓar, bawul ne. Idan ta zauna inda take, silinda ce. Na biyu, a miƙar da silinda har ƙarshe, a tokare, a kashe inji a fitar da matsi, a kwance tiyon ɓangaren sanda a toshe bakinsa, sa'an nan a ta da inji a tura liba wajen miƙewa. Idan mai ya ɓulɓulo ta kafar silindar da aka bari buɗe, robar fistan ta mutu.

Alama ta huɗu ita ce fizga da rawa, ko bokiti ya yi taushi kamar katifa. Iska ce a cikin mai, domin ita tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Idan bayan gyara ne, a ɗaga a sauke har ƙarshe sau da yawa ba kaya, za ta fita. Idan ta dawo, akwai inda take shiga a hanyar zuƙa. Akwai kuma wata 'yar alama: a ja liba don ɗagawa, hannuwa su fara nutsewa kaɗan kafin su tashi. Wannan ɗan bawul ne mai riƙe lodi a cikin bawul ɗin sarrafawa ya yi datti ko ya cinye, gyaransa ba ya da tsada.

Alama ta biyar ita ce zafi. Man da ya haura digiri 80 a ma'aunin Salsiyas yana saurin lalacewa, yana kuma ƙeƙasar da robobi. Duk inda mai ke kutsawa ta ƙaramar kafa ba tare da ya yi aiki ba, ƙarfinsa zafi yake komawa, don haka gaɓar da ta fi sauran zafi ita ce wurin dubawa. Liba da ta maƙale, ko lagireton mai da ƙaiƙayi ya toshe, duk suna kawo shi. Haka nan sayen bawul da bai dace ba. Taraktoci iri biyu ne: akwai waɗanda mai ke zagawa kullum ya koma tanki idan ba a aiki, akwai kuma waɗanda famfonsu ke rage turi ya riƙe matsi yana jira, tsarin da John Deere ya shigo da shi a manyan taraktocinsa a 1960. Idan aka ɗaura bawul ɗin wani tsari a kan ɗayan ba tare da an daidaita shi ba, mai zai yi zafi, aiki ya rikice.

Ƙura, Uwar Cututtuka

Wanda ya bi waɗannan alamu zai lura cewa datti ne ke ta maimaituwa. Ana auna shi da maikuron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum kimanin maikuron 70 ne, ido kuwa ba ya ganin abin da ya gaza 40. Ratar da ke tsakanin ƙarafan famfo da na bawul ta fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ashe ke nan ƙurar da ke kashe famfo ita ce wadda ba a gani, kuma mu da hunturu ke lulluɓe mu da ƙurar Sahara watanni a jere, mun fi kowa bukatar kula.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙura tana shiga ta mazurari mai datti, da galan ɗin da aka bari buɗe, da bakin mahaɗin da ya faɗi ƙasa aka cusa ba a goge ba, da murfin numfashin tanki da ya ɓace aka toshe da tsumma, da sandar silinda da ta karce ko ta yi tsatsa, wadda ke jan ƙasa ciki duk sa'ad da ta koma. Ruwa kuma yakan shiga tun daga sito. Duro da aka bari tsaye a fili yana kumbura da rana ya tsuke da dare, idan ruwan sama ya taru a kansa sai ya zuƙe shi ta murfi ko da a rufe yake. A ajiye duro a inuwa, a kwance.

Wannan ne ya sa sauya famfo kaɗai ba ya warkarwa. Tsohon famfo da ya cinye ya watsa garin ƙarfensa ko'ina a tsarin. Idan aka ɗaura sabo ba a juye mai ba, ba a wanke tanki da rariya da tiyo ba, ba a canza filta ba, to, abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba.

Nauyin da Ke Kan Mai Biro

Ma'aikatan da ke zaune a nan, yawancinku ba za ku riƙe sifana ba, amma biron da ke hannunku shi ke yanke wa tarakta hukunci. Idan takardar neman sabon famfo ta iso teburinku, kuna da ikon tambaya: an dubi mai? An canza filta? Nawa geji ya nuna, nawa littafi ya ce? An buɗe bawul ɗin kariya? Makaniki na gari zai yi murna da waɗannan tambayoyi, domin sun nuna an san darajar aikinsa.

Kuna kuma da ikon gyara yadda ake saye. Kada a sayi tarakta ba tare da filtoci da robobi da man da ya dace da ita ba. Kowane gareji ya mallaki gejin matsi, wanda kuɗinsa ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na famfo. Kowace tarakta ta samu littafin da ake rubuta sa'o'in aikinta da ranar da aka canza mata mai da filta, domin direbobi suna sauyawa, littafi ne ke tunawa. A yi babban dubawa da rani, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma ɗalibai, littattafan da ke zuwa da taraktocin nan da harsunan waje aka rubuta su, alhali direbobi da yaran gareji da yawa da Hausa suke karatu. Shafi biyu na Hausa mai sauƙi, da aka rubuta bayan an zauna da makanikai an ji sunayen da suke kiran kayan, aka liƙa a bangon gareji, aiki ne da ɗalibin harshe da ɗalibin injiniya za su iya haɗa kai su yi cikin hutu guda.

Kammalawa

A taƙaice, ga jerin da ya kamata a bi: a tambayi direba, a sauke bokiti a fitar da matsi, a dubi mai, a dubi rariya da filta, a dubi mahaɗai da libobi, a rarrabe nawa da rauni, a ɗaura geji, a buɗe bawul ɗin kariya, a gwada silinda da bawul ɗin sarrafawa, sa'an nan daga ƙarshe a zo kan famfo. Matakan farko ba sa cin kome sai ɗan lokaci da tsumma mai tsabta, kuma sau da yawa a cikinsu ake gano bakin zaren.

Ina fata idan kuka koma wuraren aikinku za ku leƙa bayan ofis, ku nemi sanin abin da aka ce ya kashe taraktocin da ke tsaye a can, da kuma wanda ya auna ya tabbatar. Mai yiwuwa ne wasu daga cikinsu su shiga gona bana.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.